Yaya, ba mutum ɗaya ne ya haife su ba

Yaya, saƙonka na murya ya same ni a hanyar dawowa daga aiki, sai da na gangara gefen titi na tsaya saboda dariya. Ka ce ka duba ɗan littafin bikin yaye su Ummi da na aiko, ka ƙirga Nguyen har ka gaji, kana tambaya wane bawan Allah ne wannan, mata nawa ya ajiye, da me yake ciyar da su. Can ƙarshe kuma na ji muryarka ta sauya. Ka ce ka ga an jingina sunan Ummi da na marigayi Baba, nawa babu, ko na mai da 'yata ƙanwata ne. Na san wannan ta biyun ce ta sa ka ɗauki waya. Amma ka yi haƙuri in fara da ta farkon, don amsar ɗayar tana cikin ɗayar.

Mutanen Biyetnam ne. Unguwar da muke a nan Houston, Alief, mu da su muke zaune katanga da katanga, kuma in ka bi babban titin Bellaire za ka ga har allunan sunayen tituna an rubuta su da harshensu. Sunan nan kuwa, a ƙasarsu mai mutum wajen miliyan 100, ana ƙiyasta uku zuwa huɗu cikin kowane goma shi suke amsawa. Faɗinsa ma aiki ne. Ka ce "can", ka riƙe ƙarar da ta rage a hancinka a ƙarshe, da ita ake farawa, sai a ɗora "wiyan" a numfashi ɗaya. Turawa sun gwada sun kasa, suka yanke shi ya koma "Win", su kuma masu sunan suka ƙyale su.

Maƙwabcina na bayan gida dattijo ne, shi ma Nguyen. Ya cika tsakar gidansa da shuke-shuke, har da wani ɗan uwan garafuni mai manyan 'ya'ya da ke haurowa ta kan katangarmu, uwargida tana tsinka ba ta tambaya. Farkon zuwanmu na taɓa yi masa irin tambayarka. Na ce likitan haƙorin yara Nguyen, mai gyara mini mota Nguyen, yarinyar da ke ba da magani a kantin magani Nguyen, duk danginka ne? Ya yi dariya har da tari, ya ce ko ɗaya bai sani ba. Tun daga ranar na riƙa bin labarin, wani daga bakinsa, wani daga karatu.

Tushen sunan daga rubutun Sin yake. Ƙasar Sin ta mulki arewacin Biyetnam kusan shekara dubu, har zuwa wajen 938, kuma harafin da 'yan Biyetnam ke karantawa Nguyen shi ne Sinawa ke karantawa Ruwan. Amma ba haihuwa ce ta yawaita shi ba, sarauta ce da tsoro. Gidan Ly ya riƙe mulki fiye da shekara ɗari biyu. A 1225 sarautar ta rage a hannun wata 'yar yarinya, sai wani babban bafade, Tran Thu Do, ya haɗa ta aure da ɗan ɗan'uwansa, shi ma yaro, ta sauka ta miƙa masa gadon mulki. A 1232 aka ba da umarni duk wanda ke amsa sunan Ly ya koma Nguyen. Ka san hujjar da aka kafa? Wai kakan sabon sarki sunansa Ly, ba ya kyautuwa talakawa su riƙa ambatonsa. Alkunya ke nan, irin tamu sak, wadda ta sa har yau babu mai kiran sunan yankan Ummi a gidanka saboda na Inna ne. Sai dai a can an yi alkunyar ne da takobi a hannu, don a shafe gidan da aka ƙwace wa mulki daga bakin mutane.

Daga nan abin ya zama hanya. Gidan sarauta ya faɗi, jikokinsa su shige cikin Nguyen su ɓace, kamar yadda na gidan Mac suka yi bayan 1592. Sannan Nguyen ɗin kansu suka zama masu mulki: sun riƙe kudancin ƙasar tun 1558, a 1802 kuma Gia Long ya haɗe ƙasar duka ya zauna a Hue. Abokan gabarsu na gidan Trinh da dama suka ɗauki sunan don tsira da rai, wasu kuma sarki ne ya ba su shi tukwici. Sarautar ba ta ƙare ba sai 1945, da Bao Dai ya yi murabus. Shi ya sa a yaƙinsu da ka sha ji a rediyo, sunan yana kowane ɓangare. Ho Chi Minh, jagoran arewa, sunansa na haihuwa Nguyen Sinh Cung. Shugaban kudu kuma Nguyen Van Thieu.

Ka lura a can sunan dangi ne ke gaba, na mutum ya zo ƙarshe, kuma da na ƙarshen ake kiransa komai girmansa. Shugaba Thieu ake cewa. In da Shugaba Nguyen za a ce, da rabin majalisa ya waiwayo.

Fitowarsu waje kuwa, 'yan kaɗan sun riga sun je Faransa tun zamanin mulkin mallaka, sojoji da leburori da ɗalibai. Babbar ambaliyar ta zo ne da faɗuwar Saigon ranar 30 ga Afrilu, 1975. Amurka ta kwaso mutum wajen 130,000, ta sauke su a sansanonin soja huɗu, ta rarraba su jihohi don kada su taru wuri guda. Ba su zauna inda aka ajiye su ba. Sannu a hankali suka gangaro inda babu sanyi kuma akwai 'yan uwa: Orange County da San Jose a Kalifoniya, New Orleans, da nan Houston. Bayansu sai 'yan kwale-kwale, dubban ɗaruruwa da suka faɗa teku a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980. Maƙwabcina a cikinsu yake. Ya yi watanni a tsibirin Bidong na Maleshiya yana jiran ƙasar da za ta karɓe shi. Ba ya son zancen kwanakin da suka yi a ruwa, sau ɗaya ya fara, ya kai kan 'yan fashin teku, sai ya tashi ya kama ba shukarsa ruwa. Ban sake tambaya ba.

Waɗanda suka sauka gaɓar Teksas masunta ne, suka shiga kamun jatan lande, har rikici ya ɓarke tsakaninsu da masuntan wurin, 'yan Ku Klux Klan suka shigo ciki a 1981, sai kotu ce ta taka musu birki. A irin waɗannan gidaje aka yi Dat Nguyen, wanda aka haifa a sansanin Fort Chaffee a 1975, ya tashi a Rockport, ya zo ya buga wa Dallas Cowboys ƙwallon Amurka. Yaran nan nawa sun san shi, ni dai har yau ban gane wasan ba. A ƙidayar 1990 sunan yana na 229 a jerin sunayen dangi na Amurka, a 2000 ya hau na 57, a 2010 ya zama na 38, da mutum 437,645. A Ostareliya ya kai na bakwai a 2006, a littafin lambobin wayar Melbourne kuma Smith kaɗai ya fi shi.

Akwai kuma waɗanda ba gudu suka yi ba. Gwamnatin gurguzu ce ta tura su aikin kwantiragi ƙasashen ƙawayenta, Jamus ta Gabas kaɗai tana da wajen 60,000 lokacin da katangar Berlin ta faɗi, wasu kuma suna Cekoslobakiya. Da yawa ba su koma ba, suka kama kasuwanci, har Jamhuriyar Cek ta amince da su a 2013 cikin ƙabilun ƙasar marasa rinjaye. To ka ga Nguyen biyu za su haɗu, suna ɗaya, harshe ɗaya, amma tutar da ɗaya ke girmamawa ita ɗayan ya gudo ya bari. Nan unguwarmu mai ruwan ɗorawa da jajayen layuka uku ake kafawa, ta tsohuwar kudu. Baƙo ya kiyaye wannan.

Yanzu in dawo kan Ummi.

Mu ba mu taso da sunan dangi ba, ka fi ni sani. Sunanka, sai na mahaifinka, in an yi yawa a aji malam ya ƙara na garinku. Da haka aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma babu wanda ya taɓa zaton duk mai amsa Kano ɗan uwan Malam Aminu ne. Amma fom ɗin nan ƙasar akwati biyu gare shi, na farko da na ƙarshe, kuma abin da ka zuba a na ƙarshen shi ke nan ya daskare. Ni da na zo, abin da ke fasfona shi aka ɗauka: sunana, da na Baba. Ban san nauyin abin ba sai ranar da na je wani asibiti. Mata mai kiran layi ta leƙo ta ce "Nguyen", mutum huɗu suka miƙe tare, ta koma karanto ranar haihuwa. Ina cikin yi musu dariya a raina sai na ji ta ƙwala sunan Baba, gatsal, ba Malam ba Alhaji. Na zauna ina waige-waige. Sai a kira na uku na gane ni ake nufi. Wallahi Yaya da na tashi ji na yi kamar na yi masa rashin kunya a bainar jama'a. Shekara ashirin ke nan ana kirana da sunan ubana, har yau in an kira sai gabana ya ɗan faɗi.

Da aka zo haihuwar Ummi sai ga wata sabuwa. Asibiti suna son a cike takardar haihuwa kafin a sallami mai jego, alhali kwana bakwai bai yi ba. Abin da akasarinmu ke yi shi ne a yi wa jariri huɗuba, a rubuta sunan a takarda, a yi shiru da shi. Ranar bakwai a yanka rago, ko a wata gona a bayan gari ko a turo kuɗi gida a yanka, kamar yadda ka tsaya mana a kan nata. Taron kuwa sai Asabar ko Lahadi, lokacin da mutane ke samun sarari. A wannan takardar ce aka tsaya a kan akwatin ƙarshe. In na sa sunana, ta fita daban da ni a kowace takarda: makaranta, inshorar lafiya, filin jirgi, ko'ina sai na yi bayanin cewa 'yata ce. Wani ɗan uwanmu a nan ya yi hakan, don ya ce shi ba zai saɓa wa yadda aka haife shi ba, kuma ban ga laifinsa ba, amma duk tafiyar da zai yi da yaransa da takardun haihuwarsu yake yawo a jaka. Wasu suka zaɓi sunan garinsu ya zama na gidan gaba ɗaya, su sun fi kowa hutawa, in dai da ma yana cikin fasfo.

Na san ayar da ke ranka, ta Suratul Ahzab, a kira su da sunan ubanninsu. Mun zauna a kanta a nan ba sau ɗaya ba, bayan sallar Juma'a da wuraren suna. Inda yawancinmu muka tsaya shi ne akwai akwati na uku a tsakiya, nan muke sa sunan uba. Cikakken sunan Ummi a takarda nata ne, sai nawa, sai na Baba, a jere yadda nasaba take. Masu buga littafin bikin ne suka taƙaita na tsakiyar ya koma harafi ɗaya da ɗigo. Ka sake dubawa da tabarau, za ka gan ni a wurin, a tsugune tsakanin jika da kaka. Uwargida kuwa tana nan da sunan mahaifinta, ba ta ɗauki nawa ba. Matan Biyetnam ma a al'adarsu ba sa sauya nasu in sun yi aure, matar maƙwabcina da uwargida sun daɗe da gano sun yi tarayya a wannan.

Abin da ke damuna ba Ummi ba ce, 'ya'yan ƙannenta maza ne in Allah ya kawo su. Su ma sunan Baba za su ɗauka, da jikokinsu, har a wayi gari akwai gida guda a Teksas da ke amsa sunansa ba su san ko waye shi ba, ba su san ya yi fataucin fata ba, ba su san a wace unguwa aka binne shi ba. Na faɗa wa maƙwabcin nawa haka wata rana muna tsaye a bakin katanga. Ya shiga ciki ya fito da wani littafi a cikin leda, kwafin na gidansu ne da aka aiko masa daga ƙauyensu bayan an fara zuwa da dawowa. Sunayen kakanni ne a jere, kowa da ranar rasuwarsa. Ya ce Nguyen na gwamnati ne da masu kawo wasiƙa, in yana son sanin ɗan uwansa ƙauye yake tambaya, sannan ya buɗe wannan.

Don haka ga aiki na ba ka, tunda kai ka tono zancen. Ka samu Baffa tun yana da ƙarfin tunawa, ka tafi masa da goro, ku zauna. A rubuto mini daga Baba zuwa sama iya inda ya sani, da garin da kowa ya zauna da sana'arsa, har da na ɓangaren Inna. Kada ka yi mini saƙon murya, a takarda nake so, ka ɗauki hotonta ka turo.

Ka gaishe da Inna ƙwarai. Hotunan bikin ka nuna mata, amma bidiyon kada ka kunna da sauti, don a lasifika aka kira sunan takwararta, gaban mutum fiye da dubu.