Tambayoyinku Kan Fasaha: Hoton Ungulu da Adireshin da Ke Ɓoye a Cikinsa

Tambaya: Malam, mun je Yankari da rani, mun ci karo da giwaye a bakin kogin Gaji. Na ja zum har ƙarshe, amma hoton ya fito kamar zanen gawayi. Ko wayata ce ta lalace? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Lafiyarta lau, ƙanena. Zum ɗin da kake ja da yatsu biyu, a yawancin wayoyinmu, yanko wani ɓangaren hoton kawai yake yi ya buɗa shi, kamar a ƙara wa kunu ruwa. Tsaya a 1x ko 2x, ka dogara hannu a jikin mota, ka yanke hoton daga baya. Ka kuma goge gilashin kamarar, don na tabbata ƙurar hunturu da maiƙon ƙosai sun yi masa rawani. Kada ka sauka daga mota don ka matsa kusa. Giwa mai ɗa ba ta duba katin makaranta.

Tambaya: Na ga sheƙar ungulu a kan wata rimi a gefen gari, har da ɗanta a ciki. Na ɗauki hotuna masu kyau, amma WhatsApp yana rage musu kyau. An ce in tura su a matsayin dokumen zuwa guruf ɗinmu. Yaya ake yi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Malam, don Allah dakata, kada ka tura.

Duk hoton da wayarka ta ɗauka akwai bayanai a maƙale cikinsa: irin wayar, rana da lokaci, kuma idan lokeshan a kunne yake, har da inda ka tsaya, daidai da 'yan taku. Idan ka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp yakan matse shi ya zubar da waɗannan bayanai. Idan ka tura shi a matsayin dokumen, fayil ɗin zai tafi yadda yake, da adireshinsa. Wanda ya karɓa zai buɗe bayanan hoton, ya danna taswira, ta kai shi har gindin rimin nan. Mutum nawa ne a guruf ɗinku? Ka san sana'ar kowa? Ka san inda kowa zai sake turawa?

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna yara a Zariya, ungulu ba abin kallo ba ce: a kwata, a kan rumfunan mahauta, a bayan kasuwa, sai ka kore su kamar kaji. Yau yaro zai gama firamare bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Tun 2015 aka saka wannan ungulun tamu ta gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Daga cikin manyan dalilan akwai guba da ake sa wa mushe, da cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don haɗa magani da tsibbu. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a sheƙa. Wanda ya hau rimin nan da buhu, ya kashe mata shekara guda.

To ga abin yi. Shiga saitin kamara ka kashe alamar lokeshan. A iPhone kuwa ka hana kamara izinin lokeshan a sashen sirri. Wannan na hotunan gaba ne. Waɗanda ka riga ka ɗauka, ka bi al'adata da kullum nake muku naci a kai: buɗe hoton, ɗauki sikirinshot ɗinsa, shi za ka tura. Zai ɗan rage kyau, amma babu adireshi a jikinsa. Sannan ka duba hoton da idonka. Idan hasumiyar masallaci ko allon shago ko dutsen Kufena ya fito a baya, duk ɗan gari zai gane wurin ba tare da taswira ba, sai ka yanke wannan ɓangaren. Kada kuma ka lalata aikin da rubuta sunan unguwa a ƙasa, kamar yadda wasunku ke yi har da "bayan gidan mai". Ka jira ɗan ya tashi daga sheƙa kafin ka ɗora a Facebook. Haka za ka yi idan ɗankunya ka gani, wato dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa idan ta tsorata, ko gauraka.

Tambaya: Na haska fitilar kamara don in ɗauki mujiya da dare, sai idanu biyu kawai suka fito. Daga wata uwargida a Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, fitilar waya ba ta wuce 'yan taku, kuma tana firgita tsuntsu. Kashe ta. Gwada da magariba, kina amfani da yanayin dare na kamarar, wayar a ɗore kan katanga.

Tambaya: Hotunan raƙuman dawa da na ɗauko a Kure ta Nijar sun cika mini memori. Daga wani ɗan kasuwa a Kwarbai.

Amsa: Alhaji, hoto ɗari na wuya ɗaya ka ɗauka. Zaɓi goma, goge sauran, ka kwafe su a kwamfuta ko filash tun kafin yaro ya jefa wayar a bokiti.