Amsa kan aikin tumbin Kawu: me ya sa za a cire kaluluwa da yawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata, na saurari muryarki, inda kike cewa likitan Kawu ya ce saboda ciwon dajin da ke tumbinsa, ba tumbin kaɗai za a yanke ba, har da kaluluwar da ke kewaye da shi, wai D2, kuma kina tsoron kada aikin ya fi ƙarfin jikinsa. Tsoronki yana kan hanya, amma ki saurara.

Ita kaluluwa ba a hammata da matsematsi kawai take ba, akwai ta birjik a cikin ciki. Kamar shingayen bincike take a kan titi. Idan ciwon daji ya tashi barin tumbi, nan yake fara yada zango. To D1 shi ne a kwashe waɗanda ke manne da tumbin. D2 kuma a ƙara da na layi na biyu, waɗanda ke bin manyan jijiyoyin jini masu zuwa hanta da saifa. Kin ga aikin ya fi zurfi, ya fi cin lokaci.

Japan da Koriya ta Kudu, inda ciwon nan ya yi yawa, sun daɗe suna yin D2. Turawa ne suka yi ja. A Holan an gwada kan mutum 711 tsakanin 1989 da 1993, kuma abin da ya fara fitowa bai yi daɗi ba: kashi 10 cikin 100 na 'yan D2 sun rasu sanadin aikin, 'yan D1 kashi 4. A Birtaniya ma haka, 13 da 6.5. Shi ya sa har yau za ki ji wasu na cewa D2 haɗari ne.

Amma da aka bi diddigi, sai aka ga inda gizo ke saƙar. A lokacin, in za a yi D2 sau da yawa ana haɗawa da saifa da wutsiyar fankiriyas, gaɓar nan mai samar da insulin, kuma cire su ne ya jawo yawancin matsalar. Sannan da yawa daga likitocin ba su saba da aikin ba. Da aka bi mutanen Holan ɗin nan shekara 15, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna waɗanda ciwon ya kashe kashi 37 ne a D2, a D1 kuma 48. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, rayukan mutane ne.

Kada kuma wani ya ce to a kwashe duka mana. Japanawan da kansu sun gwada wuce D2 zuwa kaluluwar da ke gefen babbar jijiyar jini ta baya, a 2008 suka ce bai ƙara wa kowa kwana ba.

Saboda haka ni ra'ayina, in dai ciwon ya shiga naman tumbin amma bai bazu zuwa hanta ko shimfiɗar ciki (tantanin da ya lulluɓe kayan ciki) ba, kuma zuciyar Kawu da huhunsa za su ɗauka, D2 ne daidai, a bar masa saifarsa sai in ciwon ya taɓa ta ko ya zauna kusa da ita. In ya riga ya bazu, wannan wata magana ce daban, a nan magani ne gaba.

Abin da ya fi damuna, wallahi, shi ne hannun da zai yi aikin. Yaya, tunda kai za ka raka shi ranar asibiti, ka tambaya cikin ladabi, ba raini ba ne: sau nawa suke irin wannan aiki a shekara? Za a taɓa saifa? Akwai ɗakin kulawa ta musamman in an fito? Za a ba shi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kafin aiki da bayansa? Bayan aiki kuma ku karɓi takardar gwajin nama, ku duba kaluluwa nawa aka ƙirga. Ana son aƙalla 16, ƙasa da haka ba a iya tantance matakin ciwon da kyau.

Kafin ranar, don Allah a dage masa da abinci, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ƙwai, kifi, kunun gyaɗa, don mai rama ya fi wahalar warkewa. Ku turo min hoton sakamakon sikanin ɗin ta lambata, ba a nan gurup ba, in duba da daddare. Allah ya ba Kawu lafiya.