Amsa ga ɗana na Jega: yadda yaron zango ke fara aiki a Kumasi

Ɗana, tambayar da ka yi mini a zauren gidanku, lokacin da na zo ta'aziyyar Baffa, ban samu na amsa ta yadda ya kamata ba saboda cikar jama'a. Ka ji na ce na yi shekaru a hannun maigida a Kumasi ta ƙasar Gana ba albashi, ka ce ai wannan bauta ce. Sannan da za mu rabu a tasha ka rage murya ka tambaye ni ko in ka zo za a samu aikin da ake biya ƙarshen wata. Bari in fara da ta farkon, don ita ce mai tsawo.

A wurinku yaro bai san ranar da ya fara aiki ba. Da ya iya riƙe fartanya an tafi da shi gona, ya kori tsuntsaye a fadamar shinkafa, ya koyi ban-ruwan albasa irin na mutanen Aliero, in ya tasa a yanka masa gayauna. Mu 'yan zango, wato unguwar baƙi ta Kumasi, ba mu da wannan. Ƙasar Asante, inda Kumasi take, ta kujerun sarautarsu ce, kakanninsu ne a cikinta. Baƙo zai iya samun fili ya gina gida, amma ba ya da gonar gado da zai nuna wa ɗansa ya ce ga abincinka. Saboda haka kasuwa ita ce gandunmu, kuma abin da uba ke bar wa ɗa shi ne mutanen da suka yarda da shi.

Haka kakanninmu suka zo da ita. Ayarin goro yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Bargu da Sansanin Mango da Yandi har Salga ta ƙasar Gwanja. Mutanen Gummi ma sun yi suna a wannan hanya. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, Turawa kuma suka mamaye Kumasi a 1896, sai fatake suka gangaro kurmi inda goron yake. Duk wanda ya iso a gidan wani yake sauka. Maigidan shi ke ba shi masauki, ya ajiye masa dukiya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Yaran da ke masa hidima kuwa su ne masu gidajen gobe.

Ni a farkon shekarun 1980 aka miƙa ni. Mahaifina ya kama hannuna bayan sallar asuba, muka taka daga Aboabo zuwa rumfar wani dattijo mai goro, ya ce masa, "Alhaji, ga ɗanka nan." Aka yi fatiha. Ba wanda ya ambaci kuɗi, kuma da mahaifina ya ambata da ya zubar da girmansa.

Aikin farko shi ne tsintar goro, kuma har gobe ban ga aikin da ke koya wa yaro natsuwa kamarsa ba. Ka kwance huhu, ka yaye ganyen fita a hankali don kada ya yage, ka zazzage goron a kan tabarma a inuwa. Sai ka bi shi ɗaya-ɗaya. Abin da kake nema ɗan rami ne kamar bakin allura, ko wani laushi da babban yatsa ke ji kafin ido ya gani. Wannan ita ce sankara, kuma guda ɗaya in ta kwana cikin huhu sai ta ɓata maƙwabtanta. Ka ware fari da ja, ka ware marsa da minu, ka ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, ka shimfiɗa sabon ganye, ka yayyafa ruwa daidai, don in ya yi yawa ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya yanƙwane. Alhaji yana kishingiɗe da casbi kamar mai gyangyaɗi. Can sai ya miƙo hannu cikin abin da ka gama, ya zaro guda, ya ɓare ta a gabanka ba tare da ya ce uffan ba. Haka ake yi wa goro bayan 'yan kwanaki, a sake, har ya zama daushe ya yi daraja.

Sai da aka daɗe kafin aka fara tura ni ƙauye, wajen Ofinso da Tepa, da kuɗi ɗaure a ƙugu. A nan ne za ka gane dalilin da ya sa ba a maganar albashi. Matan Asante ne ke tara goron, su jiƙa shi su ɓare masa fatar nan ta waje, kuma yawanci tun kafin kaka sun karɓi kuɗin maigida. Ba takarda, ba shaida. Dole ka ji yaren Tuwi, ka san gaisuwarsu, ka san cewa a ƙauyuka da yawa ba a taɓa ƙasa da fartanya ranar Alhamis, ka san in ana makoki a gari ba ka da ciniki sai an gama, kuma gara ka je ka zauna ka ba da gudummawarka. Yaron da ake ba wa kuɗin mota guda ya shiga kurmi shi kaɗai, ba ma'aikaci ba ne a idon maigida. Ɗa ne ake gwadawa.

Kada ka ɗauka hannu rabbana muke zaune. Ci da sha na gidan Alhaji ne, da kuɗin koko da ƙosai kowace safiya, da ɗinkin sallah. Goron da aka tsince wanda bai lalace duka ba, na yara ne. Mukan jera shi a faranti mu kai tashar Kejetiya wurin direbobi da 'yan dako. Abin da ya fito sai mu ba mai susu, mutumin da ke zagayawa kullum da ɗan kati yana karɓar ajiya, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladansa ya ba ka saura. Da wannan na sayi agogona na farko, kuma Alhaji ya gani ya yi kamar bai gani ba.

Shekarun ma ba na wasa ba ne. A 1983 fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonakin koko da itatuwan goro, ga kuma mutanen Gana kusan miliyan guda da gwamnatin Shagari ta koro daga Najeriya sun dawo kan yunwa. A 1984 Najeriya ta rufe iyakokinta ta canja kuɗi, goron da ke tafiya Legas ya tsaya. Masu albashi a lokacin, kuɗinsu na wata ba ya kai su ko'ina. Mu kuwa tukunyar gidan Alhaji ba ta sauka ba, ko da tuwon ya ragu. Manyanmu sun riga sun ga wanda ya fi wannan. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Mutane suka tafi suka bar gidaje da rumfuna, wasu a cikinsu a Kumasi aka haife su. Waɗanda suka bar amana a hannun yaran da suka rena, da yawansu sun dawo sun tarar da abinsu. Tun daga nan ba mai gaya wa ɗan zango amfanin renon yaro a kasuwa.

Ƙarshen hidimar ita ce sallama. Maigida ya yi maka aure, ya ba ka jari, ya kai ka wurin mutanensa na ƙauye ya ce wannan nawa ne, abin da za ku ba ni bashi ku ba shi. Wannan kalmar ta fi jarin nauyi. Amma ba zan rufe ka ba, inda ka ce bauta akwai ƙamshin gaskiya. Na san waɗanda suka yi furfura a rumfar wani, kullum ana ce musu baɗi, har maigidan ya rasu magada suka ce ba su san zancen ba. A kai ƙara wurin liman ko fadar Sarkin Zango, a ba da haƙuri, shi ke nan. A ganina tsarin yana da kyau ne gwargwadon tsoron Allah na mai riƙe da shi, kuma yanzu da na ga iyaye suna cewa a faɗi shekarun a gaban shaidu tun ranar miƙawa, ban ga laifinsu ba.

Masu sana'ar hannu nasu daban ne, irin na mutanen ƙasar suke bi. Wanda zai koyi kanikanci ko walda a Magazin ta Suwame, unguwar makanikai, ko ɗinki, iyayensa ne ke biyan ubangidan, su haɗa da akwatin lemo tun da mu ba ma kai giya. Ya yi wajen shekara uku yana wanke ƙarfe da ɗauko sifana, sannan a yi bikin yaye. Wasu su fara da yaron mota a ƙananan bas-bas na cikin gari.

Na lura ka yi shiru da na ce ƙanwata ce ta gina gidan da take ciki. Matanmu suna fita kasuwa, ɗana, kuma ba a ganinsa abin kunya. Yarinya takan fara da ɗaura wa uwarta koko a leda tun duhun asuba, ko zuba shinkafa da wake a ganye ga ma'aikata masu sammako, ta tafi boko, da yamma ta tafi makarantar allo. Rabin Kumasi a hannun matan zango suke karya kumallo. Kulle irin na gidajenku a gida mai rumbu yake yiwuwa. Inda ake sayen kowane kwanon masara, hannu biyu ba sa isa.

Yaran yanzu kam boko suke yi. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce, wanda ya gama jami'a ya yi hidimar ƙasa ta shekara guda, ya shiga neman aikin gwamnati kamar kowa. Wasu ƙwallo, wasu haƙar zinari a kurmi, wanda ku maƙwabtan Zamfara ba sai an gaya muku abin da ke cikinsa ba. Rumfunan goro sun ragu, 'ya'yana ma ba wanda ya iya tsinta.

Batun zuwanka kuwa, da fasfo na ECOWAS za ka shigo ka yi kwana 90 ba biza, amma wannan ba izinin aiki ba ne. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a 2019 'yan kasuwar Gana sun rufe shagunan 'yan Najeriya a Suwame a kan haka. Mu da aka haifa a nan ma wani lokaci sai mun yi dogon bayani kafin a ba mu katin ɗan ƙasa. Aikin albashi ban da shi da zan ba ka. In dai ka yarda da irin namu, ka bari a gama girbin shinkafa, ka nemi iznin mahaifiyarka, ka zo da takardunka cikakku. Akwai wani yarona da na sallama, yanzu yana sauke albasa daga Nijar, kuma ɗan Jega ba sai an koya masa albasa ba. Ni zan kai ka wurinsa da kaina, shekarun kuma za mu faɗe su a gaban liman.