Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan baftisma

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka ba da gaskiya ga Almasihu, kana zuwa sujada a nan Tahoua, amma ba a yi maka baftisma ba, kana tambaya ko ruwan ne ke wanke zunubi, in kuma ba shi ba ne, me ya sa ake matsa maka. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu, kuma kusan kowane aji sai wani ya kawo wannan tambaya, yawanci wanda ke tsoron abin da gida za su ce.

Ruwa ba ya ceton kowa. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, ba aikinmu ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai taɓa ruwa ba, amma a Luka 23:43 an yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Mutanen gidan Karniliyus, wani hafsan sojan Roma, kuma Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu tun manzo Bitrus na cikin yi musu wa'azi, daga baya ne aka yi musu baftisma. Ga kuma Siman mai sihiri na Samariya a Ayyukan Manzanni 8: ya shiga ruwa ya fito, amma da ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya faɗa masa zuciyarsa ba daidai take ba. Shi ya sa 1 Bitrus 3:21 ta ce ba dauɗar jiki ake cirewa ba, roƙo ne ga Allah da lamiri mai tsabta.

Amma kada ka ji haka ka ce ashe ado ne. Wannan ne ke damuna da matasanmu. Yesu da bakinsa ya umarta a Matiyu 28:19, a yi wa almajirai baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shi kansa, da ba shi da zunubi, ya tafi Kogin Urdun wurin Yahaya, har Yahaya ya so ya hana shi. To wane ne ni da zan ce ban bukata?

Inda nake daɗewa da ɗalibaina shi ne Romawa 6:3-4. Bulus ya ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma, domin mu yi tafiya cikin sabon rai kamar yadda aka tashe shi. Jana'iza ce, ƙanena. Lokacin da fasto ya nutsar da kai, kana shaida cewa mutumin dā, da layunsa da tsafinsa da ƙaryarsa, ya mutu an rufe shi. Da ka ɗago, ka zama na Almasihu a idon jama'a, su kuma sun zama danginka. Kamar ɗaurin aure ne: soyayya ta riga ta kasance, amma sai an tara shaidu an raba goro kafin gari ya san an zama ɗaya. Na ga dattijon da ya kawo layunsa da hannunsa ya miƙa wa dattawa da safen baftismarsa, ba wanda ya tilasta shi. Na kuma ga waɗanda suka yi ta cewa sai baɗi, sai baɗi, har zuciya ta yi sanyi muka daina ganinsu.

A Littafi Mai Tsarki ba a jan lokaci. Ranar Fentikos, wato ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, mutum wajen 3,000 aka yi wa. Wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha ya ga ruwa a hanya ya tsayar da karusarsa aka yi masa, mai gadin kurkukun birnin Filibi kuwa cikin daren da ya ba da gaskiya aka yi masa tare da iyalinsa. Ajin da muke yi na watanni tsarin ikilisiya ne don mutum ya san abin da yake shiga, kuma ina ganin amfaninsa.

Batun nutsarwa ko zubawa, ba na faɗa a kai. Ƴan'uwa a Yamai suna da kogi kusa, mu nan kwarmin siminti muke cikawa. Wani tsohon rubutun ikilisiyar farko mai suna Didake ma ya ce in ruwa ya yi ƙaranci, a zuba sau 3 a kai. Ƴan Katolika suna yi wa jarirai, kuma suna koyar da cewa Allah na gafarta zunubi ta cikin baftismar kanta. Mu muna jira sai mutum ya furta da bakinsa. Bambancin na gaske ne, amma su da mu duka mun yarda ba abin da za a yi wasa da shi ba ne.

In gida ne damuwarka, kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Je ka sami fastonka da dattawa cikin makon nan, ka faɗa musu komai, har inda za ka kwana in abin ya yi zafi. Ba dole sai an yi da ganga da hotuna a Facebook ba, shaidu kaɗan na ikilisiya sun isa. Iyayenka kuma ka ci gaba da girmama su fiye da dā. Muna yi maka addu'a.