Filin Masu Babur: VFR, FJR ko Bandit, wanne zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Kaduna, iyalina suna Kano, kusan duk Juma'a ina kan hanya, in koma ranar Lahadi da yamma. Na jima ina hawan Honda CB500, na saba da shi, amma a doguwar hanya iska tana galabaitar da ni, kuma ba inda zan ɗaura kaya. Wani dillali a Legas ya turo mini hotunan babura uku na hannu da aka shigo da su: Honda VFR800 na 2004, Yamaha FJR1300 na 2007, da Suzuki Bandit 1250S na 2008. FJR ya fi tsada, Bandit ya fi araha, VFR yana tsakiya. Gaskiya zuciyata tana kan VFR saboda kyansa da ƙararsa. Jefi-jefi kuma ina so in ɗauki maiɗakina mu je Jos. Wanne ka ga ya dace da ni?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara ba ka amsar, dalilai su biyo baya: in da ni ne a matsayinka, Bandit zan ɗauka, muddin ya ci jarrabawar da zan zayyana maka a ƙasa. Na san ba shi ka so ji ba.

Ba na ganin laifinka a kan VFR. Duk wanda ya taɓa jin injin nan mai silinda huɗu, biyu gaba biyu baya, yana gurnani a kan buɗaɗɗiyar hanya, da wuya ya manta shi. Inji ne mai cc 782, mai ƙarko, kuma babur ɗin yana shan kwana da daɗi fiye da sauran biyun. Matsalar ita ce wa zai gyara maka shi. Daga 2002 Honda ta sa wa VFR wani tsari da ta kira VTEC: a ƙasa da juyi kusan 7,000 a minti bawul biyu ne ke aiki a kowace silinda, in ka haura nan sai huɗun su buɗe gaba ɗaya. A ƙirar 2002 zuwa 2005, wadda taka take ciki, wannan canjin yana zuwa da 'yar fizga, sai a 2006 aka lallasa ta. Fizgar ba komai ba ce, ana sabawa. Abin da ke damuna shi ne saitin bawul. Littafin babur ɗin ya ce a duba su duk bayan kilomita 24,000, kuma a wannan injin aikin yana buƙatar a cire sandunan da ke buɗe bawul, a sa wasu 'yan ƙarafuna na musamman, a mayar, a auna, a sake cirewa. Ko a Turai masu shi suna kuka da kuɗin aikin, shi ya sa da yawa suke tsallake shi su sayar. Kai kuma a tsakanin Kano da Kaduna, tafiya da dawowa kilomita 460 ne ko kusa da haka, ka ga a shekara ɗaya za ka cinye wannan tazarar. Je ka tambayi makanikinka ko ya taɓa buɗe kan injin VTEC na babur. In ya yi jim kafin ya amsa, ka samu amsarka.

Sai maganar caji. VFR ya yi suna wajen ƙona rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, da kuma soket ɗin da ke haɗa ta da koyil ɗin caji. Zafi ne ke kashe su, mu kuwa a watan Afrilu rana tana kaiwa digiri 40. Lagiretocinsa guda biyu a gefe suke, dama da hagu, ba a gaba ba, don haka a cunkoson Kawo ko na Naibawa za ka ga agogon zafi yana hawa, kuma ko a tsaye ya kife yana iya taɓa ɗaya daga ciki. Ga shi zamansa da ɗan sunkuyo, wanda ba shi mai gudun gajiya yake nema ba.

FJR kuwa, in dai doguwar hanya ce kawai abin dubawa, ba wanda ya kama ƙafarsa a cikin ukun. Injinsa cc 1,298, tankinsa lita 25, gilashin gabansa da maɓalli ake ɗaga shi a sauke, yana da akwatunan gefe tun daga kamfani, kuma ba shi da kaca, farfela ce ke juya tayar baya kamar ta mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai hawa cikin ƙurar hunturu. Saitin bawul ɗinsa sai bayan kilomita 40,000. Na 2007 yana cikin zubi na biyu da aka fara a 2006, wanda aka rage masa zafin da na farko yake hura wa ƙafafun mahayi. Maiɗakinka ma a kansa za ta fi sakewa.

To me ya hana in ce shi? Nauyi da kuɗi. Da mai a tanki yana kusan kilo 290. A kan kwalta ba za ka ji nauyin ba, amma ka tuna lungun gidanku, da yashin bakin ƙofa, da kwata, da ɗan tudun da za ka hau kafin ka shiga zaure. Ranar da ya kwanta, kai kaɗai da ƙyar za ka tashe shi, kuma robobin jikinsa in sun fashe sai an yi odarsu daga waje. Wanda ya taso daga CB500 zai ji bambancin ƙwarai. In ka ga kana da ƙarfin jiki da na aljihu, kuma tafiya da iyali ta fi jefi-jefi, ba zan hana ka ba. Sai dai ka lura da abu biyu. Akwai wani nau'insa da aka fitar a 2006, FJR1300AS, a Amurka AE, wanda ba shi da hannun kuloci, kwamfuta ce ke kama kulocin. Duba hoton da kyau, in ba ka ga hannun kuloci a hagu ba, ka bar shi, ba mai gyara maka shi a nan cikin sauƙi. Na biyu, wanda ya fito daga Turai makullinsa yana da na'urar tsaro a ciki, kuma Yamaha tana ba da makulli mai jan kai wanda da shi ake yi wa sababbin makullai rajista. Ka tambayi jan makullin. In babu shi, kuma ɗayan da aka ba ka ya ɓata, maganar ta kai ga canza ƙwaƙwalwar babur. Shi ma VFR na Turai yana da irin wannan tsarin, Honda tana kiransa HISS, don haka kada ka yarda da makulli ɗaya tilo.

Bandit ba shi da kyan VFR, ba shi da alfarmar FJR. Abin da yake da shi shi ne sauƙi. Inji ne mai silinda huɗu a jere, cc 1,255, mai sanyaya da ruwa, da injekta, da giya shida. Ƙarfin jansa yana cika tun a juyi 3,700, wato kana giya ta shida a bayan tirela a kan hanyar Zariya, hanya ta buɗe, sai ka murɗa kawai ya wuce, ba sai ka sauko da giya ba. Rabin jikinsa a buɗe yake, makanike yana isa ga fulogi da matatar mai ba tare da ya kwance robobi goma ba, kuma in ya faɗi abin da zai fashe kaɗan ne. Zamansa a miƙe yake kamar na babur ɗinka na yanzu. Tankinsa lita 19, ya ishe ka Kaduna zuwa Kano in ba ka matsa masa ba. Kada ka ɗauka shi marar nauyi ne, yana kai kilo 250, amma tsakaninsa da FJR akwai kusan kilo 40. Aibinsa: shokozobansa masu laushi ne, da mutum biyu da kaya sai ka ƙara musu tauri, gilashinsa gajere ne, kuma akwai hidimar kaca. Ragowar kuɗin da ka tsira da shi sai ka sayi dogon gilashi da akwatin baya, ka ajiye sauran.

Duk wannan magana ce a kan ƙira. Babur da ya haura shekara goma sha biyar, yadda aka riƙe shi ya fi sunansa muhimmanci, lafiyayyen VFR ya fi Bandit da aka wahalar. Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna hayaƙi. Ka je Legas da kanka, ko ka tura makaniken da ka yarda da shi, ka biya masa kuɗin mota.

Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Ɗora hannunka a kan salansa ka tabbatar da sanyi yake, don injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da wuyar tashi. Ka tafi da mitar awon wuta. A kashe, batir ya nuna 12.5 ko sama. A kunne, ka murɗa zuwa juyi 5,000, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. A VFR ka sa a cire robar gefe, ka nemi soket mai wayoyi uku rawaye, ka zare shi ka duba ciki: in robar ta yi ruwan ƙasa ko ta narke, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ka san abin da ke jiranka. Ka bar shi a kunne har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Buɗe tanki ka haska da fitilar waya, babur da ya daɗe a ajiye yakan yi tsatsa a ciki, tsatsar kuma ita ke toshe fanfon mai. Murɗa kan babur ɗin har ƙarshe dama da hagu, ka duba ɗan ƙarfen da ke tare shi a jikin shasi, in ya lanƙwashe ko an yi masa walda, ya taɓa cin karo, komai ƙyallin fentinsa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora aka saye su, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari. Ka kuma duba ko agogonsa mil yake ƙirgawa, kamar na Amurka da Ingila: mil 40,000 kilomita 64,000 ne.

Taya ma ka sa ta a lissafi. Su ukun girman tayarsu ɗaya ne, 120/70 a gaba, 180/55 a baya, inci 17. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. In ta haura shekara biyar ko shida, ka cire kuɗin sabuwa daga farashi ko da zanenta bai cinye ba. Ina roƙonka kada ka ɗauki matarka a kan tsohuwar taya. Sai takardar kwastan, lambar shasin da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka buga a wuyan babur, harafi da harafi.

Kafin tafiyar Jos, ku biyun ku samu hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu, da riga mai kariya, ita kuma ta tattare mayafi da bakin zane kada su kusanci kaca ko taya. Ka tuna tun Janairun 2013 aka hana acaba a cikin birnin Kano, kuma wasu jihohi suna sa dokar taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, don haka ka binciki halin da ake ciki a hanyar da za ku bi kafin ku fita. Ku yi tafiyarku da rana.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Damagaram, ina zuwa Kano ta Matamaye da Daura, amma garinmu sai an sauka daga kwalta an yi tafiya a kan burji da yashi. An yi mini tallan Honda ST1300. Zai yi?
Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Alhaji, ba zai yi ba. ST1300 babur ne na ƙwarai, tankinsa lita 29, amma nauyinsa ya haura kilo 300, cikinsa kusa da ƙasa yake, kuma an ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. A yashi gabansa zai riƙa nutsewa yana kwasarka. Nemi Suzuki V-Strom 650. Tayar gabansa inci 19 ce, ta fi iya hawa rami da burji, ya fi tsayi daga ƙasa, ya fi sauƙin nauyi da kusan kilo 100, kuma injinsa mai silinda biyu ba ya shan mai da yawa. Na 2004 zuwa 2011 tankinsa lita 22 ne. Ka sa masa farantin ƙarfe a ƙarƙashi, domin matatar man injinsa a fili take a bayan tayar gaba, dutse yana iya fasa ta. In dole ta sa ka sayi mai a galan wajen 'yan bumburutu, ka tace shi kafin ya shiga tanki.