Kafaɗa da Tsokokin Baya: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, aikina na zama ne a gaban kwamfuta, kuma kusan kullum da yamma sai in ji zafi tsakanin allunan kafaɗata yana hawa har ƙeya. Wani ya ce mini ƙashi ne ya goce. Haka ne?

Amsa: Malam, da wuya a ce ƙashi ne ya goce, domin gocewar ƙashi ba ta jiran yamma kafin ta yi zafi, kuma ba ta sauƙi idan mutum ya huta. Abin da kake bayani ya fi kama da gajiyar tsoka, kuma za ka gane dalili idan ka san yadda aka gina wurin. Ƙasusuwa biyu ne ke ɗauke da kowane hannu: ƙashin wuya da ke kwance a saman ƙirji, da allon kafaɗa da ke baya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk wannan gini a wuri ɗaya kawai ya haɗu da gangar jiki ƙashi da ƙashi, wato inda ƙashin wuya ya dangana da ƙashin ƙirji. Sa yatsa a ramin maƙogwaronka, ka ɗan matsa gefe, sannan ka ɗaga kafaɗa, za ka ji mahaɗar tana motsi. Shi kuwa allon kafaɗa kwance yake a kan haƙarƙari, ban da haɗuwarsa da ƙashin wuya, tsokoki ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma tsokoki 17 ne suka kama a jikinsa.

Babbar cikinsu a sama ita ce tirafiziyos, wadda ta taso daga ƙeya, ta bi ƙashin baya har zuwa gaɓa ta 12 ta sashen ƙirji, ta bazu zuwa kafaɗu. A ƙarƙashinta akwai wasu gajeru da ke jawo allon zuwa tsakiyar baya, da wata siririya da ke ɗaga shi zuwa wuya. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, don haka idan ka tura shi gaba kana leƙen allon kwamfuta, kafaɗunka kuma suka rankwafa, waɗannan tsokoki ne za su yini suna ja ba hutu. Ka ɗaga kwamfutar ta daidaita da idonka, gwiwar hannunka ta sami abin dogarawa, ka riƙa tashi bayan kowane rabin sa'a, kana matse allunan kafaɗarka zuwa baya kana saki. A ganina wannan ya fi maganin shafawa amfani nesa ba kusa ba. Amma idan zafin ya fara sauka hannu tare da sagewa ko mutuwar yatsu, to ka je a duba wuyanka, domin jijiyoyin da ke kai saƙo hannu daga can suke fitowa.

Tambaya: Shekaruna 52, ina da ciwon suga. Idan na ɗaga hannun dama don shanya kaya sai in ji kamar an soke ni, da dare kuma ba na iya kwanciya a kansa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Mahaɗar kafaɗa ita ce ta fi kowace mahaɗa a jiki sakewa, saboda kan ƙashin damtse babba ne, gurbin da yake zama a ciki kuwa ba shi da zurfi, tamkar ƙwallo a kan ƙaramin faranti. Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin don kada ya zame: ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Ta saman ita ta fi shan wahala, domin jijiyarta, wato igiyar da ta ɗaure ta da ƙashi, tana ratsa wani matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa, kuma da shekaru takan kumbura ko ta fara yagewa.

Ki gwada wannan a gaban madubi. Ki ɗaga hannun ta gefe a hankali. Idan zafin ya kama a tsakiyar hanya, wato daga kusan digiri 60 zuwa 120, ya kuma ragu da hannun ya kai sama, to wannan jijiya ce ake zargi. Idan kuwa hannun ya ƙi tafiya gaba ɗaya, ko da wani ne ya ɗaga miki shi, har kai hannu baya ya gagara, to tantanin da ya lulluɓe mahaɗar ne ya ƙanƙance, kuma wannan daskarewar kafaɗa ta fi yawa ga masu ciwon suga. Takan ɗauki watanni da dama, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta saki. Kada ki rataye hannun ki daina motsa shi, kada kuma ki bari a fizge shi da sunan gyara. Ki ga likita ya tantance, ya haɗa ki da masu gashin ƙashi na asibiti, ki kuma kula da sugan.

Tambaya: Allon kafaɗar ɗana na hagu yana turowa waje idan ya tura bango da hannu.

Amsa: Akwai tsoka mai yatsu-yatsu da ta taso daga haƙarƙari ta gefen hammata, aikinta manne allon da jiki. Idan jijiyar da ke ba ta umarni ta sami rauni, ta hanyar bugu ko rataya jaka mai nauyi, sai allon ya ɗago. Sau da yawa yakan warware da kansa a hankali, amma a kai shi a duba, domin karkacewar ƙashin baya ma tana sa allo ɗaya ya fi ɗaya fitowa.

Tambaya: Idan na ci abinci mai maiƙo nakan ji ciwo a ƙasan allon kafaɗar dama, alhali ban ɗauki kaya ba.

Amsa: Malama, wannan ba lallai ne daga tsoka yake ba. Ciwon tsoka yana canzawa da motsi, kuma idan aka danna wurin mutum zai ce nan ne. Ciwon da ke bin bayan abinci, wanda motsa hannu bai ƙara shi bai rage shi, yana iya zama daga matsarmama, musamman idan akwai tsakuwa a cikinta, domin saƙon ciwon kayan ciki da na fatar baya a wuri ɗaya suke shiga lakar ƙashin baya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga baya yake. Hoton ciki na sikanin yakan nuna tsakuwar. Haka zuciya ma takan aika ciwonta kafaɗar hagu da hannu, saboda haka duk wanda ya ji ciwon kafaɗa tare da nauyin ƙirji, gumi ko ɗaukewar numfashi, asibiti zai nufa a take, ba wurin mai tausa ba.