Ga mai tambaya kan BOINC da ke jan ƙafa: duba lokacin furosesa kafin ka sayi komai

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kwamfutarka ta tebur mai furosesa mai ƙwaya (core) 4 da layi (thread) 8, da RAM gigabait 8, tana yi wa Rosetta@home da Einstein@Home aiki ta manhajar BOINC, wadda ke ba masu binciken kimiyya aron ƙarfin kwamfutocin masu sa kai, amma aikin da a da yake ƙarewa cikin awa 8 yanzu sai ya kai awa 20, makin da ake ba ka kan aikin da ka gama na ta raguwa, har ka fara tunanin canza furosesa. Don Allah ka dakata da sayen nan tukuna. Na daɗe ina ba da aron kwamfutocina ga irin waɗannan bincike, tun SETI@home na raba aiki kafin su dakatar a watan Maris na 2020, kuma yawancin jinkirin da na gani irin naka furosesan lafiyarsa ƙalau, hana shi aiki kawai ake yi.

Buɗe BOINC a cikakken shafi, ka zaɓi aiki ɗaya da ya yi nisa, ka danna maɓallin bayanansa. Za ka ga lokaci iri biyu: wanda aikin ya ɗauka yana gudana, da wanda furosesa ya yi a kansa da gaske. Idan na farko awa 14 ne na biyu kuma awa 7, ka san rabin lokacin wani abu ne yake ƙwace furosesan. Idan biyun sun yi kusa da juna amma a agogon bango ka ga kwana ya wuce, to ana yawan dakatar da aikin ne. Idan kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan, furosesan ne da kansa ya rage gudu. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa ba na son mutum ya fara taɓa saiti bai ga lambobin nan ba.

Akwai abin da ya sa na fi zargin na farko da na biyu a wajenka. Rosetta ba kamar sauran ba ce. Ƙungiyar David Baker ta Jami'ar Washington, mutumin da ya samu rabon kyautar Nobel ta sinadarai a 2024, ta tsara ayyukan ne su yi ta lissafin siffofin furotin har su cika lokacin da aka yanka musu, wanda awa 8 ne idan ba ka canza ba. Furosesa mai sauri siffofi da yawa yake mayarwa, mai nawa kuma kaɗan, amma duka kusan lokaci ɗaya suke tsayawa. Saboda haka aikin Rosetta da ya kai awa 20 ba raunin furosesa yake nunawa ba.

Sai RAM. Gigabait 8 ga ayyuka 8 a lokaci guda ya yi kaɗan, domin akwai ayyukan Rosetta da ɗaya kaɗai yake haura gigabait 1. BOINC kuma, a saitin da yake zuwa da shi, rabin RAM kawai yake yarda ya ci idan kana amfani da kwamfutar. Da ya kai iyakar sai ya ajiye wasu ayyukan, ka ga an rubuta suna jiran ma'adana. Idan ka ɗaga iyakar ba tare da lissafi ba, Windows zai fara kwashe bayanai zuwa faifai, a nan ne komai ke tsayawa cak, musamman a tsohon faifai mai juyawa. Abin da nake yi shi ne in rage yawan layukan da BOINC zai yi amfani da su zuwa kashi 50, ayyuka 4 ke nan. Mutane na jin kamar sun yi asarar rabi. Ba haka ba ne. Layi 8 ɗin nan ƙwaya 4 ce kowace ta rabu biyu, ƙarin da rabuwar ke kawowa bai kusa ninki ba, kuma dukkansu ƙaramar ma'adanar da ke cikin furosesa ɗaya suke rububi a kai. Kamar mutum takwas ne a bakin ƙofa ɗaya, kowa na tura kowa. Idan Rosetta kaɗai kake son taƙaitawa, fayil ɗin app_config.xml a cikin jakar Rosetta zai yi maka, ka sa max_concurrent ya zama 3 ko 4.

Kada ka rikita saitin yawan layukan da ɗaya saitin da ke ƙarƙashinsa, na kason lokacin furosesa. Shi wannan kunnawa da kashewa yake yi daƙiƙa bayan daƙiƙa, idan ka sa 50 kowane aiki zai ninka lokacinsa. Bar shi a 100.

Batun dakatarwa ma yana cin mutane ba su sani ba. BOINC na tsayawa idan wasu manhajoji suka ci fiye da kashi 25 na furosesa, kuma burauza mai shafuka da yawa ta isa ta jawo haka. Abin baƙin cikin shi ne, idan ba ka zaɓi a bar ayyuka a cikin RAM yayin dakatarwa ba, ana fitar da su, su koma daga wurin da suka yi ajiya ta ƙarshe. Wani aikin yakan daɗe bai yi ajiya ba, sai ya yi ta maimaita abu ɗaya. Yawan kashe kwamfuta ma haka yake yi. Danna Ctrl da Shift da E, kundin abubuwan da suka faru zai buɗe, ka ƙirga sau nawa aka dakatar aka ci gaba a cikin awa ɗaya.

To idan ayyukan Einstein ne suka yi nauyi alhali lokutan biyu sun daidaita, zafi nake fara dubawa. Sauke HWiNFO, ka bar kwamfutar ta yi minti 20 tana aiki, ka kalli zafi da saurin ƙwayoyin tare. Yawancin furosesan Intel na rage gudu da kansu a wajen digiri 100, Ryzen da dama kuma a 95, kuma ba za su sanar da kai ba. Kwamfutar da ke aiki dare da rana tana tara ƙura fiye da ta ofis nesa ba kusa ba. Kashe ta, ka cire wuta, ka hure ƙurar da ke tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi. Idan man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe, canza shi. Ka kuma tabbatar Windows ba ya kan tsarin tsimin wuta.

Ba ka faɗa mana ko kana da katin girafik ba. In akwai, kowane aikin kati yana buƙatar furosesa ya riƙa miƙa masa bayanai, idan ka cika dukkan layukan da aiki katin zai zauna yana jira. Bar masa ƙwaya ɗaya. Layukan farko na kundin nan za su nuna ko an ga katin ta CUDA ko OpenCL, hanyoyin da manhaja ke bi ta sa katin lissafi; in ba a gani ba, ɗauko direba daga shafin kamfanin katin. Manhajar riga-kafi ma ka cire mata jakar ProgramData\BOINC daga cikin abin da take bincika.

Game da maki, kada ya tayar maka da hankali yanzu. Matsakaicin makin da BOINC ke nunawa a hankali yake motsi, nauyin tsohon maki na raguwa da rabi duk mako, don haka gyaran yau ba zai bayyana gobe ba. A Einstein kuma sai wata kwamfutar ta gama irin aikinka an kwatanta kafin a ba ka. Abin da ya fi damuna wa'adi ne: aikin da ya makara za a sake tura shi ga wani, wutarka ta tafi a banza, masu binciken kuma sun jira. Rage yawan aikin da BOINC ke saukewa ya ajiye zuwa na rabin yini, waɗanda ka tabbata ba za su ƙare kan lokaci ba ka soke su tun ba su fara ba.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka bar shi kwana biyu kafin na gaba. Fara da rage layuka zuwa kashi 50, na gaba kuma barin ayyuka a RAM yayin dakatarwa. Sannan ka turo mana lokutan nan biyu na aiki ɗaya, da zafin furosesa, da layuka 30 na farkon kundin, sai mu duba tare.